Namiji Cikin Zani: Jigogin Siyasa da Zamantakewa a Fina-finan Barkwanci na Shigar Mata

1.0 Gabatarwa

A cikin abubuwan da ke saurin sa mai kallon fim ɗin Hausa dariya, da wuya a sami wanda ya kai ganin ƙato mai gemu ya ɗaura zani, ya kafa ɗaurin kallabi, ya riƙe ƙugu yana tafa hannu, yana ce wa ɗan'uwansa namiji "ke 'yar nan". Yaro da babba kowa sai ya dara. To amma in aka tambayi mai kallo me ya ba shi dariya, amsar ba ta cika wuce "ai abin ne da ban dariya" ba. Ɗalibin harshe da adabi bai kamata ya tsaya nan ba, domin al'umma ba ta yin dariya a banza. Abin da take yi wa dariya yakan nuna abin da take tsoro, da abin da take ƙyama, da kuma abin da ta sani amma take jin nauyin faɗa.

Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan fina-finan barkwanci da ake nuna namiji cikin shiga ko ɗabi'ar mata. Manufarta ita ce a nuna cewa irin wannan tauraro hanya ce da mai shirya fim ke bi ya yi magana a kan aikin mace, da talauci, da munafuncin masu faɗa-a-ji, ta yadda da ya faɗe su kai tsaye da an yi masa ca. Za kuma a duba yadda hukuma ta ɗauki lamarin, daga Kano har zuwa nan Abuja. Hukuncin addini a kan kwaikwayon mata sananne ne, kuma za a ambace shi a inda ya dace. Aikinmu a nan shi ne nazarin abin da fim ɗin ke cewa da yadda yake faɗarsa.

2.0 Rabe-raben Tauraron

Kafin a yi nisa, ya kamata a rarrabe abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa.

Na farko shi ne namijin da aka ba matsayin mace saboda babu macen da za ta hau. A Ingila ta zamanin Shakespeare samari ne ke fitowa a matsayin mata, sai a 1660 mata suka soma hawa dandamali. Haka nan a fim ɗin Raja Harishchandra na 1913, wanda ake ɗauka shi ne cikakken fim na farko a Indiya, wani namiji mai suna Anna Salunke ne ya fito a matsayin sarauniya. A nan ba dariya ake nema ba, larura ce.

Na biyu shi ne mai ɓad-da-kama. A cikin labarin namiji ne kamar kowa, wata matsala ce ta sa ya sa kayan mata don ya tsira ko ya sami biyan buƙata. Mai kallo ya san sirrin, sauran taurari ba su sani ba, kuma daga wannan giɓi ne dariya ke fitowa.

Na uku shi ne ɗan daudu. Shi ba ya ɓoye cewa namiji ne, amma maganarsa da tafiyarsa da sana'arsa irin na mata ne. Wannan rukuni shi ya fi yawa a fina-finan barkwanci na Hausa, waɗanda 'yan fim ke kira camama. Masu nazari da dama suna danganta kalmar daudu da Ɗan Galadima, wani daga cikin iskokin bori da aka sani da ado da kyauta da son sharholiya, wanda ake kuma kira Daudu. Ita kanta kalmar sunan sarauta ce a wasu masarautun ƙasar Hausa.

Rukuni na biyu da na uku su ne abin nazarinmu.

3.0 Tushen Abin a Wasannin Gargajiya

Akwai masu ganin sauya shiga a wasa baƙon abu ne da fina-finan Indiya da na Turawa suka kawo mana. Wasanninmu na gargajiya ba su goyi bayan wannan ra'ayi ba. A tashen watan azumi akwai wasan 'yan mata na Mairama da Daudu, inda yarinya ɗaya kan sa riga da hula ta zama miji, wata ta zama amarya, a kwaikwayi zaman aure ana yi wa amarya gargaɗi. A fadojin sarakuna kuwa akwai wasan gauta, inda matan cikin gida kan yi shigar sarki da hakimai da fadawa, su kwaikwayi maganarsu da tafiyarsu da yadda suke yanke hukunci. Ta haka basarake kan ga halinsa a jikin wata baiwar Allah da ba za ta iya ɗaga ido ta dube shi ba a sauran ranaku.

Abin lura a nan shi ne, tun asali sauya shiga a wasa yana tafe da wani izini na wucin gadi. Na ƙasa yakan ari rigar na sama, ya faɗi abin da ke bakinsa, a yi dariya, a watse, kowa ya koma matsayinsa. Wannan izini shi ne fim ɗin barkwanci ya gada. Bambancin kawai shi ne, a waɗannan wasanni biyu mace ce ke hawa matsayin namiji, a fim kuwa namiji ne ke sauka zuwa matsayin mace. Kalmomin "hawa" da "sauka" da suka zo mana a baki ba tare da tunani ba su kansu sun isa abin nazari.

4.0 Shigowarsa Fim

Barkwancin Hausa ya daɗe a rediyo da talabijin, inda irin su Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, da Ƙasimu Yero da Karkuzu suka yi tashe. Fim ɗin bidiyo na kasuwa ya soma ne da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990. Kafin shekaru goma su cika kasuwar ta rabu gida biyu: fina-finan soyayya masu waƙa da rawa, da kuma camama, wadda ake ɗauka cikin ƙanƙanen lokaci da kuɗi kaɗan, akasari a ƙauye ko unguwar talakawa.

Sarkin camama shi ne marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, wato Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014. Salonsa shi ne ya ɗauki duk abin da gari ke magana a kai ya liƙa masa sunansa. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 a Amurka ya fito da Ibro Usama a 2002, lokacin yaƙin Iraƙi kuma ya yi Ibro Saddam. A cikin wannan jeri ne Ibro Ɗan Daudu ya fito a 2002, wato shekara biyu kacal bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano, lokacin da batun gidajen mata masu zaman kansu da 'yan daudun da ke cikinsu ke bakin kowa. Wani masanin harshe Ba'amurke, Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a tsakanin 'yan daudun Kano, ya yi nazarin wannan fim a littafinsa Allah Made Us na 2009.

A gefe guda kuma mai kallon Hausa ya saba da irin wannan tauraro a fina-finan waje. Wanda ya fi kusa da shi shi ne Chachi 420 na Kamal Haasan, na 1997, wanda aka gina bisa labarin Mrs. Doubtfire na Robin Williams, na 1993. Za mu riƙa waiwayar waɗannan don kwatanci.

5.0 Harshe: Inda Dariyar Take

Ga ɗalibin Hausa, wannan shi ne wurin da ya fi maiƙo. Hausa harshe ne mai rarrabe jinsi, kuma rarrabewar ta shiga ko'ina. Tana cikin wakilin suna na mutum na biyu tilo: kai da ke, ka da ki, naka da naki. Tana cikin mutum na uku: shi da ita, ya da ta. Tana cikin dirka: ne da ce. Tana cikin sifa: dogo da doguwa, baƙi da baƙa. Ingilishi kalma ɗaya gare shi ta nuna wanda ake magana da shi, mace ko namiji. Yarabanci da Ibo ba sa rarrabe jinsi a wakilin suna ko da a mutum na uku. Saboda haka ɗan wasan Turanci sai ya dogara da gashin kanti da hoda da siririyar murya, amma ɗan wasan Hausa da gaɓa ɗaya tak yana iya sauya jinsinsa, ko yana cikin babbar riga.

Mu ƙagi misali. Wani ya yi shigar mata ya je ƙofar gidan da yake son shiga:

Maigida: Wace ce a zaure?
Baƙo: Ni ne... au, ni ce, Alhaji.

Kalmar "ni" ba ta nuna jinsi, don haka ta rufa masa asiri, amma dirka ta tona shi. Duk dariyar tana tsakanin "ne" da "ce". In aka fassara wannan zuwa Ingilishi ko Yarabanci babu abin da zai saura.

Bayan nahawu akwai zaɓen kalmomi. Namiji yana da aboki, mace tana da ƙawa. Namiji yana da ubangida, mace tana da uwarɗaki. Akwai kuma kalaman motsin rai da al'ada ta keɓe wa mata, kamar "ni 'yasu", "ahayye", "oh ni jikar mutum huɗu", tare da shewa da guɗa da tafi da taɓe baki. Da zarar ɗan wasa ya ce "ƙawata" maimakon "abokina", mai kallo ya san inda aka dosa.

Sai kuma babban makami, wato habaici da gugar zana da shaguɓe da karin magana. Bahaushe na ɗaukar habaici a matsayin fagen mata, musamman kishiyoyi, domin shi ne makamin wanda ba shi da ikon faɗa gaba da gaba. Namiji, a ganin al'ada, magana ɗaya yake yi. Ɗan daudun fim ya ari wannan makami ya kai shi tsakiyar kasuwa da tashar mota, inda maza suke. Shi ya sa in cacar baki ta haɗa shi da alhaji ko ɗan sanda ko mai unguwa, shi ke cin nasara, su kuwa su rasa ta cewa sai zagi ko duka.

Sai dai a kula, harshen fim ƙari ake yi masa. Binciken Gaudio ya nuna cewa a zahiri 'yan daudu kan sauya salon magana gwargwadon wuri da abokin magana, su yi ta mata a tsakaninsu, su yi ta maza in hali ya kama, kuma da yawansu suna da mata da 'ya'ya. Fim ya ɗauki fuska ɗaya ya kumbura ta, domin ita ce mai sayuwa.

6.0 Jigogin Zamantakewa

6.1 Aikin Mace da Darajarsa

Kusan duk fim ɗin ɓad-da-kama yana da fitowar da namiji ke fama da aikin gida: hayaƙi ya cika masa ido, tuwo ya yi gudaji, goyo ya zame, zani ya kwance. Mai kallo na dariyar gazawarsa, amma a ƙarƙashin dariyar akwai wata shaida: aikin da ake cewa "ai zaman gida kawai take yi" ashe ƙwarewa ce da sai an koya. A Mrs. Doubtfire tauraron ya kusa ƙona kansa a wurin girki a ranar farko. A Tootsie na 1982 Dustin Hoffman ya fito a matsayin ɗan wasan da ya rasa aiki, ya yi shigar mata ya sami gurbi a wani shirin talabijin, sai ga shi yana ɗanɗana rainin da darakta ke yi wa mata, abin da bai taɓa lura da shi ba sa'ad da yake cikin wando.

A nan tambaya ta taso. In girki da wanke-wanke da raino ayyuka ne masu daraja, me ya sa ganin namiji a kansu ke ba mu dariya? Mace mai sayar da hatsi ko mai tuƙa mota tana iya ba mu mamaki, har a yaba mata a ce "kallabi tsakanin rawuna", ko a ce mace mai kamar maza. Namijin da ya kama muciya kuwa sai a ce ya lalace. Wato kamanta mace da namiji yabo ne, kamanta namiji da mace zagi ne. Fim ɗin barkwanci bai ƙirƙiri wannan ma'auni ba, amma yana fito da shi fili ga mai son gani.

6.2 Talauci da Neman Abinci

Hausawa na cewa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. A fina-finan ɓad-da-kama da wuya a ga mai wadata ya yi shigar mata. A Some Like It Hot na 1959 makaɗa biyu ne marasa ko sisi suka ga kisan da 'yan ta'adda suka yi a Shikago, suka ɓuya cikin ƙungiyar makaɗa mata don su tsira da rai. A Tootsie rashin aiki ne. A camamar Hausa ma, in aka bi diddigin labarin, sau da yawa yunwa ce ko bashi ko zaman kashe wando ke tura tauraron.

Wannan ya yi daidai da wani ɓangare na zahiri. Sana'ar da aka fi sanin 'yan daudu da ita ita ce sayar da dafaffen abinci a kasuwanni da tashoshin mota: tuwo da miya, shinkafa, soyayyun kaji da ƙwai. Wuri ne da al'adar kulle ta hana matar aure zama, girman kai kuma ya hana sauran maza kama ludayi. Ga kuma ɗimbin matafiya da 'yan ci-rani da direbobi da ba su da mai dafa musu. Duk wanda ya san yadda garuruwan gefen Abuja irin su Zuba da Dei-Dei da Gwagwalada da Nyanya suka cika da maza 'yan ci-rani da suka baro iyalinsu a gida, ya san girman kasuwar dafaffen abinci. Don haka fim ɗin da ya nuna ɗan daudu a gaban tukunya yana nuna wani giɓi ne a tsarin rabon aiki na al'umma, ko mai fim ɗin ya nufa ko bai nufa ba.

6.3 Zaure da Cikin Gida

Gidan Bahaushe ya kasu biyu. Zaure na maza ne, cikin gida na mata, kuma a bangon wasu gidajen har rubutawa ake yi cewa ba a shiga. Namijin da ya sa hijabi ya tsallake wannan iyaka ya taɓa wani tsoro da ke zuciyar kowane maigida. Shi ya sa labarin saurayin da aka hana ganin budurwa ya shiga a matsayin ƙawarta ko mai kitso ko dillaliya ke da armashi. Dariyar a kan maigida take, wanda ya kafa tsaro a ƙofa, amma da bakinsa ya ce "shigo, Hajiya".

Kwatanci da fina-finan waje yana da amfani a nan. A Mrs. Doubtfire da Chachi 420 uba ne kotu ta raba da 'ya'yansa bayan mutuwar aure, sai ya koma gidan a matsayin tsohuwa mai raino. A ƙasar Hausa labarin ya juye, domin duk da cewa fiƙihun Malikiyya ya ba uwa haƙƙin riƙon ɗa, a al'adance sau da yawa uba ne ke karɓe 'ya'ya bayan saki. Wanda ke laɓe a bakin zaure don ganin ɗansa a wurinmu galibi uwa ce. Wannan ya nuna cewa ana iya aron dabarar shigar mata daga Indiya, amma dalilin yin ta dole ya fito daga matsalar gida. Kowace al'umma takan sa wa namiji zani ne ya tsallake katangar da ita ta gina.

6.4 Munafuncin Manya

Wannan shi ne jigon da ya fi kaifi. Ɗan daudun fim yakan zama ma'ajin sirrin gari. Shi ya san alhajin da ke aiko direba bayan isha, shi ya san wanda ke zaginsa da rana yana neman taimakonsa da dare. Mu sake ƙaga misali:

Alhaji: Kai, kauce ka ba ni hanya, mutumin banza!
Ɗan daudu: Ayya Alhaji, rana ce ta hana ka gane ni? Allah ya kai mu magariba, saƙon naka yana nan.

Alhaji ya yi tsit, 'yan kallo sun fashe da dariya. Wanda ba shi da mutuncin da zai tsare ya fi kowa 'yancin magana, kamar yadda wawan sarki ke faɗin abin da waziri ba zai iya ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Turawa ma sun yi amfani da wannan dabara. A The Birdcage na 1996 akwai wani sanata da ya yi suna wajen da'awar kare tarbiyya, wanda abin kunya ya faɗa wa abokin tafiyarsa na siyasa. A ƙarshen fim ɗin, don ya kuɓuta daga 'yan jarida, sai da shi kansa ya sa kayan mata ya sulale. Saƙon a bayyane yake: mai yawan nuna yatsa wata rana zai nemi mafaka wurin wanda yake nunawa.

7.0 Siyasa da Doka

Hanin da addinin Musulunci ya yi a kan namiji ya kamanta kansa da mace, ko mace da namiji, ya zo a ingantaccen hadisi na Ibn Abbas da Bukhari ya ruwaito, kuma malamai da dama na ganin bai ware wasa ba. Dokar ƙasa ma ta daɗe da magana. Kundin laifuffuka na Finalkod, wanda ya soma aiki a Jihar Arewa a 1960 kuma ake amfani da shi a Birnin Tarayya, a sashe na 405 ya lissafa namijin da ke shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza. Jihar Kano ta yi dokar hana karuwanci da sauran ayyukan baɗala a 2000, wadda ta haɗa da namijin da ke kwaikwayon mata.

Fim bai tsira ba. A ƙarshen 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 kuma ta kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, ban da ta tarayya mai hedikwata a Abuja, wadda aka kafa da doka a 1993. Bayan rikicin da ya girgiza masana'antar a 2007 an tsaurara matakai ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, har aka ɗaure Ibro kansa wata biyu a 2008 a kan fim ɗin Ibro Aloko, hukuncin da mutane da dama a lokacin suka danganta da siyasa. Wannan ya isa shaida cewa hukuma ba ta ɗauki camama a matsayin shirme ba.

Abubuwa biyu na baya-bayan nan sun fito da ainihin muhawarar. A 2022 ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Toro ta Jihar Bauchi, Muda Lawal Umar, ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Tarayya da ke nan Abuja, na a hukunta mai shigar wani jinsi da ɗaurin wata shida ko tarar naira 500,000. Abin sha'awa ga mai nazari shi ne, ƙudurin ya keɓe wasan kwaikwayo da nishaɗantar da jama'a. Bai zama doka ba har wa'adin wannan majalisa ya ƙare a 2023. A 2024 kuwa Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, wanda shi kansa ɗan fim ne, ta hana shirya fina-finan da ke nuna daba da daudu. Ke nan ƙudurin Abuja ya so ya hana a titi ya bari a dandamali, matakin Kano kuwa ya bi abin har cikin dandamali.

Hujjar masu goyon bayan hani ita ce yara na kwaikwayon abin da suka gani, kuma dariya na rage wa abu muni a idon mutane. Hujjar masu ja kuwa ita ce nuna abu daban, yarda da shi daban, domin fim na nuna ɓarawo da boka da mashayi ba tare da an ce yana tallata su ba. Dukkan hujjojin biyu suna da nauyi, kuma tsohuwar muhawara ce a fagen adabi: shin adabi madubi ne da ke nuna al'umma yadda take, ko malami ne da ke koya mata yadda za ta zama?

8.0 Wa Ake Yi wa Dariya?

Kada mu ɗauka fina-finan nan na neman juyin juya hali ne. Akasarinsu kan ƙare ne da maido da kowa gurbinsa: asirin mai ɓad-da-kama ya tonu ya sha duka, ko ɗan daudu ya tuba ya jefar da zani, ko hukuma ta kama shi. Mai kallo ya sha dariyar ganin an keta iyaka, sannan ya sami natsuwar ganin an gyara ta. Tsarin wasan gauta ne dai: a faɗi gaskiya da rana, sarki ya kwana yana sarki.

Akwai kuma waɗanda dariyar ke sauka a kansu. Na farko mata, domin macen da ɗan wasa ke kwaikwayo kullum mai tsegumi ce, mai kwaɗayi, mai rangwaɗa. Ba a cika ganin ya kwaikwayi haƙurinta ko basirarta ba. Na biyu mutanen da ake kwaikwayo su kansu, waɗanda yara kan bi da ihu da kalaman da suka haddace daga fim. Wani lokaci abin kan wuce ihu. A watan Agusta na 2024 an tsinci gawar wani matashi da ya yi suna a TikTok da shigar mata a gefen titin Katampe zuwa Mabushi a nan Abuja. Kowane irin ra'ayi mutum ke da shi a kan ɗabi'ar, addini da doka ba su ba kowa izinin ɗaukar hukunci a hannunsa ba. Mai shirya fim da mai nazarinsa duk ya kamata su tuna cewa bayan an kashe talabijin akwai mutane masu rai a waje.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, maƙalar ta rarrabe mai ɓad-da-kama da ɗan daudu, ta nuna cewa sauya shiga a wasa yana da tushe a tashe da wasan gauta, sannan ta bayyana yadda tsarin jinsi na nahawun Hausa da habaici suka zama ginshiƙin dariyar. An kuma ga cewa jigogin da ke ƙarƙashin dariyar su ne darajar aikin mace, da talauci, da iyakar zaure da cikin gida, da munafuncin manya, kuma hukumomi a Kano da Abuja sun sha bamban a kan ko wasa na da izinin da titi ba shi da shi.

Shawara ga 'yan'uwa ɗalibai masu neman batun kundin digiri ita ce, wannan fage ne da bai cika ba. Ana iya ɗaukar fim ɗaya a rubuta maganganunsa, a ƙirga wuraren da aka sauya jinsin wakilin suna, a duba da wa ake magana a lokacin. Ana iya tattara karin maganar da ke ciki a kwatanta da ta kishiyoyi a fina-finan soyayya. Ana kuma iya kwatanta camamar zamanin kaset da gajerun wasannin da matasa ke sakawa a intanet. Kaset-kaset ɗin shekarun 2000 suna ta lalacewa a shaguna da ɗakunan ajiya, don haka wanda ya sami ɗaya ya adana shi, domin wata rana shi ne zai zama shaidar yadda mutanen wancan zamani suka yi magana da abin da ya ba su dariya. Allah ya sa mu dace, amin.